Wanda Ya Yanke Shingen Jirgi

Jirgin bakwai da kwata na safe ne ya kashe Iyatu, ranar Litinin, saura kwana goma Babbar Sallah. Kafin a kawo tabarmar da za a naɗe ta, mutanen unguwa sun riga sun zauna shari'a a bakin titi, kowa alƙali, babu mai shaida.

Wasu suka ce laifin jirgin ne. Tsohon jirgi mai hayaƙi da kuwwa, tun yana Iju ƙasa ke fara rawa a Agege, har mai tumatir ta kwashe tirenta daga kan dogo ta gyara ɗaurin zani, sannan ya iso yana haki. Wannan sabon kuwa na lantarki ne. Fari fat, da sanyi a ciki, yana kai ma'aikata Ikeja cikin 'yan mintoci, kuma ba ya sallama. Sai dai ka ji iska ta shafi wuyanka. Shi ya sa kamfanin ya kafa shingen waya a gefe da gefen layin, wanda ya fi tsawon mutum, ya kuma gina gadar sama mai matakala sittin da huɗu. Amma mako biyu kafin wannan rana wani ya yanke shingen ta ɓangarorin biyu, ya buɗe hanya. Unguwa kaf ta bi ta wurin, har da masu wa'azi. Ranar da hanyar ta ci mutum, sai kowa ya tuna cewa shi dama bai taɓa son ta ba.

Mijin Iyatu, Salissou, mai gadi ne a wani ɗakin ajiyar kaya a Ikeja. Kafin Legas ta sa masa riga mai maɓalli ta ba shi kujerar roba, sana'arsa bin sawu ce a ƙasar Dakoro. In an sace raƙumi ko an kore shanu, shi ake kira. Shekara talatin da ɗaya suna tare da Iyatu. Aka binne ta kafin la'asar, ya dawo ya zauna a ƙofar gida, mutane suna zuwa suna miƙa masa haƙuri, kayan da mai bayarwa ba ya jin nauyinsa.

Mai unguwa Mamman, haifaffen Legas, jikan soja, ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Malam Salissou, sai haƙuri. Kwana ne ya ƙare."

"Kwana ya ƙare, ranka ya daɗe," in ji Salissou. "Amma kwana ba ya riƙe almakashi. Wani ne ya yanke wayar nan."

Alhaji Sunusi, babban dillalin raguna na kasuwar bakin layi, yana zaune a gefe cikin shadda mai sheƙi. Ya gyara murya yadda kowa zai ji.

"Ai wannan ba ya buƙatar bincike. 'Yan gwangwan ne. Su da ko ƙofar maƙabarta suka samu za su auna ta a sikeli. Malam, abincin sadakar bakwai a wuyana yake, kada ka taɓa komai."

Aka yi ta sa masa albarka. Kafin magariba samari suka je suka yi wa Ismaël ɗan gwangwan dukan kawo wuƙa.

Salissou bai yi kuka ba, har mata suka fara magana a kai. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, da asubar ranar, Iyatu tana shafa man zafi a gwiwa tana lissafin matakalan gada, don za ta kai wa 'yarsu Hassana kunun jego a ƙetaren layi, shi da bakinsa ya ce mata, "Ki bi ta ɓarakar nan mana, kowa na bi." Wannan maganar ta tsaya masa a maƙoshi kamar ƙaya, kuma ya san ba za ta sauka ba sai ya ga hannun da ya yi ɓarakar.

*

Da hantsin Talata ya je wurin. Kamfanin ya jingina fallen kwano a bakin ɓarakar, ya ajiye wani mai tsaro Bayerabe da sanda. Mutumin ya fara kora, amma da aka ce masa mijin matar ne sai ya cire hularsa, ya janye kwanon, ya juya baya yana kallon titi.

Salissou ya tsuguna. Ƙasar wurin ta sha ƙafa dubu: silifa, kambas, tayar baro, ƙafar 'yan kallo na jiya. Cikin layin kuma tsakuwa ce, ba ta riƙe sawun kowa. Legas gari ne da ba ya tuna wanda ya taka shi. Ya daɗe yana kallo, bai samu ko taku ɗaya mai amfani ba.

Abu guda dai ya gani. Ba a cire wayar da aka yanke ba. An yanke ta gefe uku, aka lanƙwasa ta baya kamar ƙyaure, aka ɗaure da igiya.

Daga nan ya wuce bayan kwata, inda Ismaël ke tara tarkacensa. Ismaël mutumin Tasawa ne, magidanci mai 'ya'ya uku a gida. Yana kwance a kan kwali, ido ɗaya a rufe, leɓe ya kumbura.

"Baba Salissou, in ka zo ƙarasa abin da suka fara, ga ni nan. Ba ni iya gudu."

"Kana da almakashin ƙarfe?"

"Ina da. Shi suka gani suka ce shaida ce. Mahauci ma yana da wuƙa, a je a kama shi duk ran da aka soki wani."

"In kai ka yanke waya mai tsawon mutum, mi za ka yi da ita?"

Ismaël ya yi ƙoƙarin dariya, zafi ya hana shi.

"Mi zan yi da ita? Baba, ni ko marfin kwalba ban bari a ƙasa."

"Wayar tana can a ɗaure. Ba wanda ya ɗauki ko taƙi ɗaya."

"To, ka gaya musu!"

"Zan gaya musu ranar da zan gaya musu sauran. Ka sha magani. Ina da aiki da hannuwanka."

*

Jita-jita ta biyu ta faɗa kan Rahamatu, mai shinkafa da wake, wadda rumfarta ke kallon ɓarakar. Tun da aka buɗe hanyar, tukunyarta ba ta kai azahar. Aka ce ita ta sa 'yan iskan tasha suka yanke. Da ta hango Salissou sai ta ajiye ludayi ta riƙe ƙugu.

"Baban Hassana, shebi ni ce ta gaba? Abeg, ka faɗa min da wuri, in sa mayafi mai kauri kafin samari su zo."

"Ciniki ya ƙaru, Rahamatu?"

"Ya ƙaru o, ban musa ba. Wadda ta ga ruwan sama ta tara bokiti, ita ta haɗa hadarin? Na zo da safe na ga ƙofa, shi ke nan."

"Kin ga abin da ya faru ran Litinin?"

Hannuwanta suka sauka daga ƙugun. Ta ja benci ta zauna.

"Mun gaisa. Ta ce min jaririn ya fara gane mutane, na ce mata ƙarya take, kwana sha biyu. Ta duba hagu, ta duba dama, wallahi ta duba, har ta karkata kunne yadda muka saba. Babu komai. Ta sunkuya za ta shiga, sai waya ta kama mata mayafi ta baya. Ka san Iyatu, ba ta barin kanta a buɗe ko da wuta ake yi. Ta tsaya tana ja, tana ja, kwanon kunu a ɗaya hannun. Da ya yage sai ta yi taga-taga gaba, gwiwar nan ta ƙi ta. Na yi ihu. Shi jirgin, sai da ya taka birki sannan na san yana da murya."

Salissou ya kalli ƙasa. Rahamatu ta share ido da gefen zani.

"Kuma ka ga ikon Allah, wanda ya yanke wayar ma yana da ɗan imani. Ya bi tsinin nan ya naɗe da tsumma don kada ya ji wa mutane ciwo. Kowa ya yaba."

Salissou ya ɗago kai a hankali.

"In ya naɗe, mi ya kama mata mayafi?"

Rahamatu ta juya ta kalli shingen.

*

Ya koma shingen. Jiya ƙasa ya duba, don ƙasa ya saba tambaya. Yau ya miƙe tsaye ya dubi wayar kanta.

Tsumman suna nan, an naɗe su da kyau, kowane tsini da nasa, an zagaya sau uku an cusa bakin ciki. Aikin mutum mai natsuwa. Amma naɗin ya fara ne daga daidai ƙugun Salissou, ya tsaya a ƙasan ƙirjinsa. Daga nan zuwa ƙasa waya tsirara. Daga nan zuwa sama, inda fuskar mutum da kansa ke wucewa, tsini ne zalla kamar haƙoran zarto. A kan ɗaya daga cikinsu zare shuɗi yana lilo. Ya san mayafin. Shi ya saya mata a Iyana Ipaja da ƙaramar Sallah.

Ya cire zaren ya sa a aljihun ƙirji. Ya kai hanci jikin tsumman, ya tsinci gashi fari, gajere, mai kauri. Mai tsaron ya ƙetarar da shi ta gada zuwa ɗaya ɓarakar, a ɓangaren da manyan motoci ke sauke kaya. Naɗin iri ɗaya, tsayin iri ɗaya, ragowar tsumman a yashe a gindin shingen. A bakin kwalbati, ƙarƙashin wani katako da ƙafa ba ta kai ba, laka ta riƙe masa abin da tsakuwa ta hana shi: kofato mai faɗi, taku mai nisa, na dabba mai nauyi.

Makiyayi ba ya damuwa da kunnen rago. A daji da gangan ake tsaga shi don shaida. Mahauci ma ba ruwansa, kunne ba ya ƙara nauyin nama. Mutum ɗaya ne kunnen rago ke hana shi barci, shi ne mai sayar da ragon layya. Malamai sun ce dabbar da kunnenta ya tsage fiye da sulusi ba ta yin layya. Gadar sama ba ta hawuwa ga rago, zagaye kuma tafiya ce mai tsawo cikin motocin danfo da keke da okada. Saboda haka wani ya yi wa ragunansa ƙofa, ya tsare musu kunne da tsumma. Mutane kuwa, ya bar su da Allah.

Salissou ya samo kara, ya jingina da wayar, ya yi masa tsaga biyu da wuƙa: inda naɗin ya fara, da inda ya ƙare.

*

Ranar Alhamis ya shiga kasuwar raguna yana dogara karan kamar tsohon da baƙin ciki ya raunana. Dillalai suna yi masa ta'aziyya, yana amsawa, yana tsayawa kusa da dabbobinsu, karan a tsaye a ƙasa. 'Yankasa ƙanana kunnensu ko gwiwarsa bai wuce ba. Udawa masu rabin baƙi rabin fari sun ɗan taso, amma ba su kai tsagar farko ba. Ya zaga garke goma sha ɗaya a haka.

Na goma sha biyu shi ne na Alhaji Sunusi, a ƙarshen kasuwa, dab da shinge. Balami ne zalla, ashirin da shida, farare, masu doron hanci, kowanne kamar ɗan maraƙi, irin waɗanda manyan Ikeja ke ɗaurewa a ƙofar gida don maƙwabta su gani. Wani ya matso yana shinshina karan. Dogon kunnensa ya sauka daga tsagar sama, ya ƙare a ta ƙasa, kamar tela ne ya auna.

"Malam Salissou! Ka fito shan iska? Madalla, zaman ɗaki ba ya dawo da mamaci." Alhaji Sunusi ya taso daga kujerarsa yana kaɗa carbi. "Ka ga dukiya? Daga Barno aka kawo su. Duba min wannan, kai da ka san dabba. Ko ƙwarzane babu."

"Babu kam, Alhaji. Ka iya riƙo."

Idon Salissou yana kan garken. An kewaye shi da katako da waya, kuma duk inda ƙusa ta leƙo ko waya ta yi tsini, an naɗe da tsumma. Zagaye uku, an cusa bakin ciki.

"Yaranka suna da hankali," in ji shi, ya taɓa ɗaya da yatsa.

"Wane yara? Waɗannan ragwayen? Da hannuna nake yi. Shekara ashirin ban taɓa bar wa kowa wannan aikin ba. Kunne ɗaya ya tsage, rago ya tashi daga na layya ya koma na balangu."

"Haka ne, Alhaji. Allah ya ba da kasuwa."

"Amin. Ran Lahadi kada ka damu, tukunya huɗu na sa a ɗora."

Salissou ya juya. Wuƙar da ya yi tsaga da ita tana ɗamararsa, kuma tsakaninsa da wuyan Alhaji bai fi taku biyu ba. Ya auna nisan, kamar yadda ya auna komai a makon nan. Sannan ya tafi. Ba tausayi ne ya hana shi ba. Ya ga dai mutuwa abu ce mai sauri, Iyatu ma ba ta san ta zo ba, kuma bai ga dalilin da zai yi wa Alhaji wannan alfarmar ba.

*

Ranar Lahadi aka kafa rumfa a gaban ƙaramin masallacin unguwa don sadakar bakwai. Liman ya zo, mai unguwa Mamman ya zo, dillalai da mahauta suka cika tabarmi, mata suna daga baya tare da Hassana da Rahamatu. Alhaji Sunusi ya iso da ma'aikatansa biyu, waɗanda ke tsaron garke, suna ɗauke da tukwanen shinkafa a ka, ya sa suka zagaya ta gaban jama'a kafin su sauke, sannan ya tsayar da su rabon abinci.

Mai makoki ne kawai babu. Aka jira shi kusan awa guda. Can ya ɓullo daga wajen kasuwa, Ismaël na biye da shi yana ɗingishi. Hannuwansu a jiƙe har gwiwa, kamar sun sake alwala. Samarin da suka yi dukan suka sunkuyar da kai.

Aka yi addu'a, aka shafa. Kafin a taɓa abinci Salissou ya miƙe da karansa.

"Ranka ya daɗe, liman, jama'a. Ina da magana, ba mai tsawo ba ce. An ce Ismaël ya yanke shinge. Ɗan gwangwan ba ya yanke ƙarfe ya bar shi a wurin. Wayar tana can a ɗaure. Waɗanda suka fasa mai ido sun san kansu. An ce Rahamatu ce. Rahamatu shinkafa take sayar ma mutane, da ita ta sa aka yi, da kan mutane aka tsare."

"Faɗa musu, jare!" in ji Rahamatu daga baya.

Ya ɗaga karan.

"Kun ce wanda ya yanke yana da imani, ya naɗe tsini da tsumma. Ga inda ya fara naɗi. Ga inda ya tsaya. Wa ke da fuska a nan wurin? Ko yaron goye ya fi nan in yana bayan uwarsa. Tsayin kunnen Balami ne. Na zaga kasuwar nan garke garke, mutum ɗaya ke da ragunan da suka kai. Na ga naɗin garkensa, zagaye uku, a cusa baki. Na ce mai yaransa sun iya aiki. Ya ce mani a'a, shekara ashirin da hannunsa yake yi."

Babu wanda ya ambaci suna. Kawuna ne kawai suka juya, ɗaya bayan ɗaya. Carbin Alhaji Sunusi ya tsaya.

"Wannan ƙazafi ne! Tsumma? Da tsumma za a kama mutum irina?"

"Mu tafi yanzu da liman," in ji Salissou. "A kwance ɗaya daga shinge, a kwance ɗaya daga garkenka. In sun bambanta, a yi mani abin da aka yi ma Ismaël."

Alhaji ya dubi mai unguwa, ya dubi liman, ya dubi tukwanensa huɗu. Gumi ya keto ta ƙarƙashin hularsa.

"To, in ma ni ne fa? Wa bai bi ta wurin ba? Kai, Sarkin Fawa, ba ka bi ba? Liman, ranar Juma'a ban gan ka ba? Na yi wa unguwa hanya, kowa ya ji daɗi. Ni na tuƙo jirgin? Ni na ce ta tsaya jan mayafi?"

Hassana ta yi wata ƙara daga cikin mata, aka riƙe ta. Salissou ya ciro zaren shuɗi daga aljihu, ya ajiye a kan tabarma gaban Alhaji.

"Tsumma ya rage maka ranar, Alhaji. Na ga inda ka jefar da sauran. Minti biyar ya isa ka naɗe na sama."

Mai unguwa Mamman ya ɗaga hannu biyu. Fuskarsa ta mutumin da ya shekara talatin yana kashe wuta da rigarsa.

"Ya isa. Malam Salissou, ka yi aiki, gaskiya ta fito. Alhaji ya yi kuskure babba, kuma zai nemi gafara a gaban kowa. Amma maganar nan ta mutu a rumfar nan. In hukuma ta ji cewa ɗan kasuwarmu ne ya yanke shingen jirgi, wallahi katafila za su kawo. Ba Alhaji kaɗai ba, kowa zai tashi. Mu baƙi ne a idonsu, ko da kakanninmu a nan aka binne su. Alhaji zai ɗauki nauyin—"

"Kada ka ƙarasa, ranka ya daɗe," in ji Salissou.

"Ka yafe, Malam," in ji liman a hankali. "Mai yafiya yana da lada."

"Allah ya ba mai yafiya ladansa. Ni ban yafe ba." Ya dubi taron. "Tun ran Alhamis na san abin da za ku ce. Na san har wanda zai fara faɗi. Shi ya sa ban jira ku ba."

A daidai lokacin wani mahauci ya shigo rumfar da gudu, yana tuntuɓe da takalman mutane.

"Alhaji! Alhaji Sunusi! Garkenka! Jini ko'ina!"

Rumfar ta watse. Aka bar shinkafa a buɗe, aka kwasa zuwa kasuwa, Alhaji a gaba, babbar rigarsa tana jan ƙasa. Salissou ya bi su a baya, bai yi sauri ba.

Ragunan suna tsaye, ashirin da shida, suna cin dusarsu. Kowanne kunnensa na dama a tsage, daga baki har ya wuce rabi, tsaga mai tsabta irin ta makiyayin da ya san aikinsa, an ma shafa musu toka don jinin ya tsaya. Ismaël ne ya riƙe, Salissou ya yanka. Saura kwana huɗu Sallah, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da zai yi layya.

Alhaji Sunusi ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga kunnuwa, ko zai samu wanda aka manta. Ba a manta ba. Ya zube a cikin kashin raguna da shaddarsa.

"Ka kashe ni! La'ananne, ka kashe ni!"

"A'a, Alhaji. Duba da kyau. Kai da su duka kuna numfashi."

"A kira 'yan sanda! Mai unguwa, a kira 'yan sanda yanzu!"

Salissou ya zare wuƙar daga ɗamara. Mutane suka ja da baya. Ya juya ta, ya miƙa wa mai unguwa ta wajen ƙota, sannan ya zauna a kan kujerar Alhaji, ya ɗora karan a cinya.

"A kira su. Ga wuƙa, ga ni, ba inda za ni. Za su tambaye ni dalili, ni kuma ban iya ƙarya ba. Zan kama hannun babbansu in kai shi bakin shinge."

Alhaji ya riga ya ciro wayarsa. Ya tsaya da ita a hannu. Ana jin raguna suna tauna.

"Kira mana, Alhaji," in ji Salissou. "Ko in ba ka lambar?"